Addu'ar Daren Maƙwabta: Abin Da Kirista Ke Nufi Da Yaƙi Da Aljanu

Wadda ke tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai kitso ta riƙe kan da ke hannunta, kunne kawai nake roƙo.

Yau Hajiya mai gabatar da shiri ta miƙo mini wata wasiƙa, ta ce tunda ni Kirista ce, amsar ta fi dacewa a bakina. Mai wasiƙar ba ta so a faɗi sunanta, ɗanta ma ta sa ya rubuta mata. Ta ce katanga ɗaya ce ta raba gidansu da wata majami'a. Duk daren Juma'a ta ƙarshen wata ba ta runtsawa: ihu, buga ƙafa, ana ta cewa "fita, fita". Ta ce ita ba fita take ba balle ta leƙa, maigida kuma in ta tambaye shi sai ya ce ba ruwanta. To ga yara suna firgita, ita kanta tana tsoron kada abin da ake kora can ya tsallako katanga ya faɗo mata tsakar gida. Tambayarta ita ce, wai me suke kora, kuma da ikon wa?

'Yar uwa, tambayarki ta yi kyau, kuma na ji daɗi da kika yi ta maimakon ki zauna da zargi a ciki. Ban zo sauya wa kowa addini ba. Maƙwabcin da ka san abin da yake yi ya fi wanda kake jin muryarsa kawai sauƙin zama.

Mu fara da kalmar kanta. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun shekarar 1932, kuma masu juya shi sun ɗauki kalmar da Bahaushe ya sani, wato aljanu. Wani juyin ya ce baƙaƙen aljanu, wani ya ce ƙazaman ruhohi. Sai dai akwai bambanci da ya kamata ku riƙe. Ku malamanku sun karantar da ku cewa aljanu halitta ce daban, daga wuta, kuma a cikinsu akwai masu imani, akwai kangararru. A koyarwar Kirista ba haka ba ne. Mu a wurinmu aljanu mala'iku ne da suka yi wa Allah tawaye suka bi Shaiɗan, saboda haka babu nagari a cikinsu ko ɗaya. Shi ya sa Kirista ba ya sulhu da su. Ba ya yanka musu kaza, ba ya ajiye musu turare ko wani irin zane, kamar yadda ake lallashin iskoki a bori. Tun wajen baftisma, a ɗarikar Katolika da ta Angalikan, ana tambayar mutum ko ya rabu da Shaiɗan da ayyukansa, ya amsa da bakinsa. Al'adar tsohuwa ce ƙwarai. A Urushalima, a ƙarni na 4, mai shiga addinin yakan fuskanci yamma ya yi wannan rabuwar, sannan ya juyo gabas ya furta bangaskiyarsa.

To da ikon wa? Nan ne gindin maganar. Kirista na gaskiya ba zai ce miki yana da ikon kansa a kan aljani ba. Ikon na Yesu Almasihu ne, wanda ku kuke kira Annabi Isa, mai bi kuwa ɗan aike ne kawai. Kamar dogari ne: in ya ce a buɗe ƙofa aka buɗe, ai ba don jar rigarsa ba ne, don wanda ya aiko shi ne.

Akwai labarin da nake so a kan wannan, yana cikin Ayyukan Manzanni sura 19, kuma ni duk sanda na karanta shi sai na yi dariya. A birnin Afisa, wanda kufansa ke ƙasar Turkiyya ta yau, wasu samari bakwai 'ya'yan wani babban malamin Yahudawa suna yawon tsibbu. Da suka ga Manzo Bulus yana korar aljanu da sunan Yesu, sai suka ce ai ga sabon laƙani ya samu. Suka je kan wani mai aljanu suka ambaci sunan. Aljanin ya amsa musu cewa Yesu dai ya san shi, Bulus ma ya san da zamansa, amma su ɗin su wane ne? Mutumin ya far musu shi kaɗai, ya yi musu lilis, suka fita da gudu ba sutura, jiki duk rauni. Bayan wannan sai masu sihiri na garin suka tattaro littattafansu suka ƙone a gaban jama'a, aka ƙiyasta kuɗinsu azurfa 50,000. Kun ga ke nan sunan ba laya ba ne da za a ɗaura a kugu, ba kuma haja ba ce ta sayarwa. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi kaza kafin ya kore miki aljani da sunan Yesu, to ɗan gidan samarin nan bakwai ne, ko da wace irin kwat ya saka.

Shi kansa Yesu, in kika duba yadda ya yi, za ki ga abin ba shi da tsawo. A Markus sura 5 akwai wani mutum da ke kwana a maƙabarta, ana ɗaure shi da sarƙa yana tsinkewa, yana yanka jikinsa da duwatsu. Da magana kawai aka sallame shi. Aljanun suka shiga garken aladu wajen 2,000, suka ruga cikin ruwa suka halaka. Mutanen gari da suka zo, sai suka tarar da shi zaune, sanye da tufafi, cikin hankalinsa. Ya roƙa a bar shi ya bi Yesu, aka ce a'a, ya koma gida wurin danginsa. Ku lura da wannan. Waɗanda suka ɗaure shi da sarƙa mutanen gari ne. Yesu bai ɗaure shi ba, bai doke shi ba, bai hana shi abinci ba, kuma ƙarshen aikin shi ne mutum ya koma cikin 'yan uwansa.

Akwai kuma wata uwa, a Markus sura 7, ba ma Bayahudiya ba ce, 'yarta na fama da aljani. Ba ta ɗauko yarinyar ba, ita kaɗai ta je ta yi roƙo, ta nace. Aka ce ta koma, an gama. Ta isa gida ta tarar da 'yarta kwance a gado lafiya lau. Babu taro, babu kallo. Ina faɗin wannan ne domin iyaye mata da ke ganin in ba a kai yaro gaban jama'a an yi ta jijjiga shi ba, Allah ba zai ji ba.

Yanzu ga abin da ake kira yaƙin ruhaniya. Tushensa wasiƙar Bulus ce zuwa ga mutanen Afisa ɗin nan, sura 6. Yana tsare lokacin da ya rubuta ta, saboda haka sojan Roma ba baƙo ba ne a idonsa. Sai ya ɗauki kayan yaƙin soja ɗaya bayan ɗaya ya yi misali da su. Wadda ta taɓa leƙen hawan salla ta soro ko ta saman katanga, ta ga 'yan sulke da 'yan lifida, ta san irin kayan da ake nufi. Ɗamarar, in ji shi, gaskiya ce. Sulken adalci ne. Takalman shirin kai bisharar salama ne. Garkuwar bangaskiya ce, kwalkwalin ceto ne, takobin kuwa Maganar Allah ce, sannan a haɗa da addu'a kullum. Ku sake duba jerin nan da kyau. Ba ihu a ciki, ba bulala, ba man shafawa na kwalba. Kusan duka hali ne: kada ka yi ƙarya, kada ka ci haƙƙin wani, ka zama mai kawo zaman lafiya.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faɗa kafin ya kawo jerin. Ya ce kokawar ba da ɗan Adam ake yin ta ba, da rundunar mugunta ce wadda ido ba ya gani. 'Yan uwana, wannan magana ta shafe mu mata kai tsaye, ko mene ne addininmu. Domin mu in ciki ya zube, ko yaro ya kwanta, ko maigida ya sauya fuska, ba ma daɗewa sai mun sa wa abin fuskar mutum. Kishiya ce. Uwar miji ce. Tsohuwar nan ce ta ƙarshen layi mai jan ido. To bisa ga wannan koyarwa, ranar da Kirista ta nuna wata mace da yatsa ta ce ga abokiyar gabata, ta riga ta saki layin yaƙin, ta koma yi wa Shaiɗan aiki kyauta. A cikin wasiƙar nan dai, sura 4, Bulus ya gargaɗi mutane kada su kwana da fushi, don ta nan Iblis ke samun ƙofa. Ashe ƙofar da aka fi jin tsoro ba ta katanga ba ce, ta zuciya ce.

Bari in ba ku abin da ya faru a gidanmu, don kada ku ce daga takarda kawai nake magana.

Ɗiyar ƙanwata tana 'yar shekara goma sha huɗu ta fara faɗuwa. Tana cikin wanke-wanke sai ta sandare, ido ya juye, kumfa a baki. Sau ɗaya ta faɗa kusa da murhu, har yau tabon na nan a hannunta. Uwarta ta ruɗe, wata ƙawarta ta kai su wani gidan addu'a, ba zan faɗi ko ina ba ne. Mai gidan ya dubi yarinya ya ce aljani ne, kuma turo shi aka yi daga cikin dangi. Aka sa ta azumi kwana uku ba ci ba sha, yarinyar da ko ƙarfin tsayuwa ba ta da shi. A dare na biyu ta faɗi har sau uku, aka ce ai aljanin ne ke jin wuta. Aka yi ta tambayarta wa ya aiko ka, wa ya aiko ka, har cikin galabaita ta kira sunan kakarta ta wajen uba. To wa yaro zai kira in yana cikin wahala, in ba mai goya shi ba?

Daga ranar aka daina aika wa tsohuwar nan abinci. Jikoki suka daina shiga ɗakinta. Matar da ta yi wa yarinyar wankan jego da hannunta, ta zama mayya a bakin 'ya'yanta. Ni ma, in faɗi gaskiya, na yi wata biyu ban taka ƙofarta ba. Ba wai na yarda ba ne, tsoron bakin dangi ne ya hana ni, kuma wannan kunyar ina ɗauke da ita har gobe.

Wani tsohon fastonmu ne ya tsawata. Ya zo ya yi addu'a a hankali, hannunsa a kan yarinyar, sannan ya ce gobe da safe a kai ta asibiti, shi zai biya kuɗin mota. Likita ya ce farfaɗiya ce, ya ɗora ta a kan ƙwaya kullum. Faɗuwar ta ragu, ta zo ta tsaya. Yau tana ɗakin mijinta da 'ya'ya biyu. Kakar kuwa, an je an ba ta haƙuri, ta ce ta yafe. Amma ba ta ƙara sakewa da kowa ba, in jika ya shigo sai ta ɓoye hannunta a zane kada a ce ta taɓa shi. A haka ta rasu.

Fasto ɗin nan ya nuna mana wani abu da ban taɓa lura da shi ba. A Matiyu sura 4, inda aka lissafa waɗanda aka kawo wa Yesu, an ambaci masu aljanu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban. Ashe littafin da kansa bai ce kowace faɗuwa aljani ba ce. Luka ma, wanda ya rubuta ɗaya daga cikin Linjila huɗu, likita ne.

Kada ku ɗauka ina cewa babu aljanu. Na gaskata akwai su, na kuma gaskata addu'a tana aiki. Amma manyan ɗariku sun koyi taka-tsantsan, kuma da tsada suka koya. A Ingila, a 1974, an kwana ana yi wa wani mutum addu'ar korar aljanu, gari ya waye ya koma gida ya kashe matarsa. Shekara ta gaba, 1975, ikilisiyar Angalikan ta can ta kafa ƙa'ida: ba mai yin wannan aiki sai wanda bishop ya ba izini, a yi shi tare da masana lafiya, ba tare da tallatawa ba, kuma a ci gaba da kula da mutumin bayan an gama. A Jamus kuma, a 1976, wata budurwa mai suna Anneliese Michel, 'yar shekara 23, wadda likitoci suka riga suka ce tana da farfaɗiya, ta rasu saboda yunwa da ƙishirwa bayan an yi wata da watanni ana yi mata korar aljanu. A 1978 kotu ta kama iyayenta da limamai biyu da laifin sakaci da ya jawo mutuwa. Ita ɗarikar Katolika tana da littafin wannan hidima tun 1614, ta sabunta shi a 1999. A dokarta Fada ba ya yin ta sai da izinin bishop, kuma an umarce shi ya tabbatar tukuna cewa ba ciwo ba ne, ya nemi shawarar likitoci in da hali.

To in haka ne, ina aka samo ihun da 'yar uwarmu ke ji ta katanga? Wannan salo ne na wasu majami'un Fentikos, kuma bai daɗe ƙwarai ba. Daga wajen shekarun 1980 koyarwar ƙwato mutane daga hannun aljanu ta yi ƙarfi a Amurka da nan Afirka. Wani malami Ba'amurke, Peter Wagner, ya yaɗa cewa garuruwa da ƙasashe suna da manyan aljanun da ke riƙe da su, sai an yaƙe su da addu'a. A Legas, a 1989, Daniel Olukoya ya kafa majami'ar Mountain of Fire, wadda ta yi suna da addu'a mai zafi, da ƙarfin murya da motsa jiki. Su a ganinsu yaƙi ba a yin sa da raɗa. Mu da muka tashi a tsofaffin ikilisiyoyin Arewa ba haka muka saba ba, kuma har yau malaman Kirista ba su daina muhawara a kai ba. Ko kan tambayar ko aljani na iya zama a jikin mai bi na gaskiya ma, ba a haɗu ba: da yawa sun ce sam, wasu sun ce yana iya matsa masa. Yawancin masu kwanan addu'ar nan dai talakawa ne irinmu, mai neman haihuwa, mai neman aiki, mai ɗa a kwance. Kukansu suke kai wa Allah da iyakar muryarsu.

Inda abin ya ɓaci shi ne inda aka juya shi kan marasa ƙarfi. Kun ji abin da ya faru a Jihar Akwa Ibom, inda wasu masu kiran kansu bayin Allah suka riƙa cewa ƙananan yara mayu ne, iyaye suka kore su titi, wasu aka ƙona su, wasu aka ji musu raunin da ba ya warkewa. Sai da abin ya fito duniya a 2008, jihar ta yi dokar da ta haramta laƙaba wa yaro maita. Kiristoci da yawa na cikin waɗanda suka tsaya suka yaƙi wannan ta'asa, suka ɗauki yaran suka ciyar.

Yesu ya taɓa aiken almajiransa su saba'in da wani abu, suka dawo suna murna wai har aljanu na yi musu biyayya. Ya amsa cewa ya ba su ikon, amma ya ce kada wannan ya zama abin murnarsu, su yi murna da cewa sunansu na rubuce a wurin Allah. Ya kuma ba da wani misali da kowace uwar gida za ta gane: aljani ya fita daga gida, ya yi yawo, ya dawo ya tarar an share an gyara amma ba kowa a ciki, sai ya je ya gayyato bakwai da suka fi shi mugunta. Shi ya sa fastocin kirki suka fi damuwa da abin da mutum zai cika rayuwarsa da shi bayan addu'a, fiye da daren da aka yi ana kora.

Saboda haka 'yar uwa mai wasiƙa, game da tsoronki: a koyarwar su masu addu'ar, ba a korar aljani don ya koma gidan maƙwabci, kuma ba da ke ko 'ya'yanki ake yi ba. Ki yi addu'o'in kwanciya da aka koya miki, ki tofa wa yaranki, ki gaya musu maƙwabta ne ke roƙon Allah irin nasu. Maganar hana barci kuwa haƙƙinki ne. Ki sa maigida, ko mai unguwa, su sami faston da rana cikin mutunci, a roƙi a rage lasifika in dare ya yi. Na san wuraren da aka yi haka aka dace. In matar faston na shiga gidaje, ki aika yaro ya ce kina gaishe ta; wata maganar a tsakanin mata ta fi saurin ƙarewa.

Kafin lokaci ya ƙure, ga abin da likitan nan ya koya mana, don ko a gidan Musulmi ko na Kirista faɗuwa iri ɗaya ce. In mutum ya faɗi yana jijjiga, a janye shi daga wuta da ruwa, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, kada a danne shi. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon, wannan camfi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma kusan bakwai cikin goma za su iya daina faɗuwa in sun sami magani yadda ya kamata. Mai ciki kuwa, ko mai jego, in ta kama ciwon kai mai tsanani, fuska da hannu suka kumbura, gani ya dushe, ko ta fara jijjiga, wannan ba iska ba ce, hawan jini ne na ciki, kuma yana kisa cikin sa'o'i. A nemi mota nan take, addu'ar a yi ta a hanya. Ku roƙi mazajenku tun yau su bar izini, cewa in irin wannan ta taso ba sa gida, a fita da ku ba sai an jira su ba. Wadda kuma ta haihu ta daina barci, tana maganganu ba kan gado, ko ta ƙi jaririnta, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma ana warkewa.

Hajiya na yi mini alama da hannu cewa lokaci ya yi. Akwai wasiƙu biyu da suka rage, ɗaya a kan mafarkin tsoro ga mai ciki, ɗaya a kan yaron da ke firgita da dare. Waɗannan sai mako mai zuwa, kuma malama za ta zo ta amsa ta ɓangaren Musulunci. Ku ci gaba da aiko da saƙonninku kamar yadda kuka saba. A gaida maigida, a shafa kan yara. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.